RA'AYI: Malamin Ingilishi a Damagaram, kada zumunci ya hana rubuta kwantaragi

A ƙarshen watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta fitar da sabon kundin da ake tafiyar da mulkin ƙasar da shi a wannan zango, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sannan ya jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kwanaki kaɗan kafin haka ƙasar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato OIF. An sha muhawara a kafafen yaɗa labarai kan matsayin da aka bai wa Hausa, sai dai ba a cika tsayawa kan ɗaya ɓangaren ba. Ƙasar da tun samun 'yancin kanta a 1960 Faransanci ne harshen hukumarta ta ɗaga Ingilishi zuwa sahu ɗaya da shi, kuma dole wani ya tsaya gaban allo ya koyar da shi.

Tun da daɗewa ɗalibin Nijar yana fara darasin Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, kuma yana rubuta shi a jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya. Ƙasar na da nata malaman da suka karanci harshen a gida, musamman a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Amma makarantun kuɗi da cibiyoyin koyon harshe a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna son wanda ya yi dukan karatunsa da Ingilishi, domin shi ne abin da suke tallata wa iyaye. Wanda ya fi kusa da su kuwa shi ne malamin da ke ƙetaren iyaka, a Kano ko Katsina ko Jigawa, mai takardar NCE ko digiri a hannu, wanda ko dai bai samu aiki ba ko kuma albashin da ake ba shi ba ya kai shi tsakiyar wata.

Ga irin wannan malami, tayin aiki a Damagaram abin dubawa ne. Daga Kano zuwa birnin bai wuce kimanin kilomita 240 ba idan aka bi ta Daura da Kwangwalam da Ɗan Barto da Matamaye, wato ya fi masa kusa da Abuja. Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro kan farashi ɗaya, sefa 655.957 a kan yuro guda, alhali naira ta yi mummunar faɗuwa tun bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma malaman makarantun kuɗi da yawa a Arewa ba su taɓa ganin wannan adadi a aljihunsu ba. Saboda haka idan aka ambata wa matashi albashi da sefa, ya buga lissafinsa zuwa naira, sai ya ga kamar kakarsa ce ta yanke saƙa.

Inda haɗarin yake

Malamin da ya tafi koyarwa Japan ko Koriya ta Kudu ya san shi baƙo ne tun daga filin jirgi, don haka yana karanta kowace takarda sau biyu. Wanda ya tafi Damagaram ba ya jin baƙunci. Zai tarar ana Hausa a tasha da kasuwa, zai sha fura irin ta gida, zai bi sahu a masallaci ba tare da kowa ya kalle shi ba. Alaƙar ta girmi iyakar da Turawa suka shata. A zamanin Sarki Tanimun, a rabin ƙarni na 19 na biyu, ayarin fatake tsakanin Kano da hamadar Sahara ta Damagaram yake bi, kuma unguwar Zango ta samo sunanta ne daga masaukin waɗannan baƙi. Birnin ya riƙe matsayin hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Har gobe akwai gidaje da dama da rabin danginsu ke Daura ko Gumel ko Maigatari.

Wannan kusanci alheri ne, amma shi ne kuma yake sa malami ya saki jiki. Yadda lamarin ya saba faruwa sananne ne ga duk wanda ya san harkar makarantun kuɗi a ɓangarorin biyu na iyaka. Wani ɗan'uwa ko abokin karatu ne zai kawo labari cewa ana neman malamin Ingilishi. Za a yi magana da mai makaranta ta waya ko ta WhatsApp, a ambaci albashi da ɗakin kwana, a rufe da addu'a. Malami zai ji nauyin ya ce a rubuta, domin mai makarantar ya girme shi, ya kuma kira shi ƙanensa. Watan farko za a biya cif. Wata na uku za a ce iyaye ba su kawo kuɗin makaranta ba. Kafin a kai ga jarrabawa bashi ya taru, kuma malamin ba shi da ko layi ɗaya a rubuce da zai nuna wa hukuma cewa an taɓa ɗaukar sa aiki.

Ba a ce duk masu makarantu haka suke ba. Akwai waɗanda ke biyan malamansu kafin su taɓa ribarsu, akwai kuma waɗanda su kansu wahala suke sha saboda iyaye na jinkirta biya har sai an sayar da amfanin gona. Matsalar ita ce a ranar farko, mai gaskiya da mai shirin cuta kalamansu iri ɗaya ne, murmushinsu ma iri ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne yadda kowannensu yake amsawa idan aka ce a rubuta yarjejeniyar a kai ta gaban hukuma.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ba ta bar wannan batu a duhu ba. Ta wajabta cewa kwantaragin ma'aikaci ɗan wata ƙasa ya kasance a rubuce, kuma hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ta duba shi ta buga masa hatimi. Neman wannan hatimi nauyin mai ɗaukar aiki ne. Haka kuma mai ɗaukar aiki ne zai yi wa ma'aikacinsa rajista da asusun kula da walwalar ma'aikata, CNSS, wanda ke ɗaukar nauyin fansho da haɗarin wurin aiki da tallafin iyali. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar, wanda ya daɗe a kan sefa 30,047, an ɗaga shi zuwa sefa 42,000 daga farkon 2024. Idan saɓani ya taso, ofishin sufeton ƙwadago ne yake fara ƙoƙarin sasantawa, idan abin ya faskara a wuce kotun ƙwadago.

Duk waɗannan ƙofofi suna buɗewa ne cikin sauƙi ga wanda ke riƙe da takarda. Malamin da ya shigo da alkawarin baki zai fara ne da wahalar tabbatar da cewa shi ma'aikaci ne, kuma yana iya jin tsoron zuwa ofishin hukuma tun farko saboda shi kansa zamansa bai daidaita ba. Mai makarantar da ba shi da tsoron Allah ya san da haka, kuma da wannan tsoron yake riƙe malamin.

Batun zama kuwa ya sauya sosai a 'yan shekarun nan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, kuma mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin izinin zama da aiki har abada, alhali ba haka ba ne ko a wancan lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙawancen AES ya sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma bisa dokokin kowace ƙasa, kuma a cikin watan na Janairu gwamnatin Nijar ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shigowa da zaman baƙi, da tanadin ɗauri da tara ga wanda ya karya. Wanda ya ƙetara da tunanin cewa katin makaranta da iya Hausa sun wadatar a shingen jandarma yana wasa ne da 'yancinsa.

Tarihin yankin ma ya isa ishara. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, 'yan Ghana masu ɗimbin yawa sun shigo Najeriya, cikinsu har da malaman da suka koyar da Ingilishi da lissafi a makarantu daga Legas har Arewa. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su fice, kuma kimanin 'yan Ghana miliyan guda suka kama hanya. Kafin nan Ghana ta yi irin haka a 1969, inda 'yan Najeriya da 'yan Nijar da dama suka bar dukiyarsu suka dawo gida. A duka lokutan biyu, ranar da siyasa ta juya, takarda aka tambaya.

Yadda ake gane makarantar kirki

Matambayi ba ya ɓata. Abu na farko da ya kamata malami ya nema shi ne shaidar cewa makarantar ita kanta tana da izini. A Nijar ba a buɗe makarantar kuɗi sai da amincewar ma'aikatar ilimi, kuma ofishin ilimi na jihar Damagaram ya san waɗanda ke cikin rajista. Makarantar da ke da izini ba ta jin nauyin nuna lambarsa, sau da yawa ma a kan allon ƙofa ko saman takardunta ake rubuta shi. Wadda ta fara kewaye-kewaye a kan wannan tambaya ta riga ta ba da amsa. Idan hukuma ta rufe makaranta a tsakiyar shekara, ɗalibai za su koma wata, mai makaranta zai koma kasuwancinsa, malamin baƙo ne zai rasa inda zai karɓi bashinsa.

Abu na biyu shi ne magana da malaman da suka taɓa aiki a wurin, musamman wanda ya riƙe darasin Ingilishi kafin wannan gurbi ya buɗe. Me ya sa ya tafi? An biya shi watansa na ƙarshe? Malaman da ke aiki a yanzu suna iya yin shiru don kare abincinsu, amma wanda ya bar wurin ba shi da dalilin ɓoyewa. Makarantar da malamanta suka shekara biyar ko shida ba su motsa ba ta fi wadda ke da bene mai fenti amma kowace shekara da sabbin fuskoki. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, kuma kwana biyu na tambaya a majalisun unguwa da wurin masu shayi sun isa mutum ya san wa ke biya, wa ke ja.

Abu na uku shi ne lissafin kuɗi, kuma a nan akwai tarkon da baƙo daga Najeriya ba ya gani. A Nijar ana ƙirga kuɗi ne da dala, wato sefa biyar. Wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500, jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Cinikin albashi da baki tsakanin wanda ke ƙirga da dala da wanda ke ƙirga da sefa yana iya ƙarewa kowa da abin da ya fahimta. Maganin wannan shi ne a rubuta adadin da lambobi da kuma kalmomi. Sannan a fayyace ko albashin wata ne ko kuwa biyan awa-awa, domin makarantun kuɗi da yawa a matakin kwaleji da lise suna biyan malami ne gwargwadon awannin da ya shiga aji. Ga mai irin wannan tsari, ranar hutu da ranar yajin aiki da ranar da aka rufe makaranta duk ranakun asara ne.

Shekarar 2024 ta nuna yadda hakan ke iya kasancewa. Ambaliyar daminar wannan shekara, wadda ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a farkon Satumba, ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa ranar 28 ga watan. Malamin da ke da albashin wata a rubuce yana da abin da zai kafa hujja da shi. Wanda ke jiran awannin aji ya yi kusan wata guda yana cin guzurinsa. Haka nan dogon hutun damina, daga Yuli zuwa Satumba: wajibi ne a san tun farko ko wata tara za a biya ko goma sha biyu, kuma ko ɗakin da aka ba malami zai ci gaba da zama nasa a lokacin hutu.

Abu na huɗu ya shafi takardun malamin. Babu dalilin da zai sa mai makaranta ya riƙe ainihin fasfo ko takardar shaidar karatu ta wani. Kwafi ya isa, ainihin kuma a nuna a mayar wa mai shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta lissafa riƙe takardun ma'aikaci da hana shi albashi cikin alamomin aikin tilas, kuma Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar 2014 ta yaƙi da aikin tilas, a watan Mayun 2015. Kazalika duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi kafin ya haɗa malami da makaranta abin zargi ne. Ƙa'idar da yarjejeniyar ILO mai lamba 181 ta 1997 ta shimfiɗa ita ce ba a cajin mai neman aiki kuɗin samar masa da aiki. Mai buƙatar ma'aikaci shi ke biya.

Abu na ƙarshe shi ne harshen kwantaragin. Da Faransanci za a rubuta shi, kuma malamin Ingilishi daga Kano galibi ba ya karanta Faransanci. Bai kamata ya sa hannu kan abin da mai makaranta ya fassara masa da bakinsa ba. Ya nemi wani da ba shi da alaƙa da makarantar ya karanta masa layi-layi, musamman sharaɗin lokacin gwaji, da na sallama, da na wanda zai biya kuɗin komawa gida. Ya kuma riƙe kwafinsa, ya ajiye hotonsa a waya, ya karɓi takardar shaidar biya duk wata.

Masu cewa rubutu rashin yarda ne

Akwai masu ganin cewa duk wannan tsari na Turawa ne, kuma tsakanin Musulmi da Musulmi, Bahaushe da Bahaushe, magana ta isa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi ko a ma'aunin masu kawo ta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana ce kan rubuta bashi da kafa shaidu. Albashin da ake biya a ƙarshen wata bashi ne da ma'aikaci yake bin mai aiki tun ranar da ya fara. Fataken da suka yi safara tsakanin Kano da Damagaram da Tarabulus sun yi mu'amala da amana, amma suna da fatoma da ke tsaya wa baƙo, da shaidu, da alƙali. Baƙon yau ba shi da fatoma, don haka takarda ce za ta tsaya masa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ƙananan makarantu suna cewa idan suka bi duk matakan ANPE da CNSS ba za su iya ɗaukar baƙo ba kwata-kwata, domin kuɗin da iyaye ke biya bai taka kara ya karya ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ya kamata hukuma ta saurara ta sauƙaƙa matakan ga ƙananan makarantu. Amma makarantar da ba za ta iya ɗaukar malami bisa doka ba, abin da ya dace ta yi shi ne ta faɗa masa gaskiya tun yana gida, ko ta haɗa kai da wasu makarantu biyu ko uku su ɗauki malami ɗaya su raba nauyinsa a rubuce. Ɗora haɗarin gaba ɗaya a wuyan wanda ya baro iyalinsa ba adalci ba ne.

Girman suna ma ba ya zama kariya. A watan Oktoban 2007 kamfanin Nova, wanda shi ne mafi girma a harkar koyar da Ingilishi a Japan, ya durƙushe, ya bar dubban malamai baƙi ba albashi, wasu ma aka kore su daga gidajen da kamfanin ya kama musu haya. A watan Yulin 2021 China ta taƙaita harkar darussan kuɗi na bayan makaranta, kuma malamai da yawa na ƙasashen waje suka wayi gari ba aiki. Darasin da ke ciki ga malamin Damagaram shi ne ya guji yanayin da albashinsa da makwancinsa da izinin zamansa duk suke hannun mutum ɗaya ba tare da wata madafa ba, ya kuma ajiye kuɗin motar komawa gida da ba zai taɓa ba.

Nauyin da ke kan hukumomi

Bai kamata a bar wannan aiki ga malami shi kaɗai ba. Baƙin malaman da Nijar ta sani a baya sun zo ne ƙarƙashin yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. 'Yan sa-kai na Amurka na shirin Peace Corps sun fara zuwa ƙasar a 1962, rukunin farko kuma Ingilishi suka koyar, har aka dakatar da shirin a watan Janairun 2011 saboda matsalar tsaro. Najeriya na da nata shirin na TAC tun 1987, wanda ke tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da yankin Pasifik na tsawon shekara biyu, gwamnati na ɗaukar nauyin alawus ɗinsu. A irin waɗannan tsare-tsare malami ya san wanda zai kai wa kuka. Yau mafi yawan masu ƙetarawa da kansu suke tafiya, ofishin jakadancin Najeriya kuma yana Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram.

Akwai abubuwa masu sauƙi da za a iya yi ba tare da jiran sulhun siyasa ba. Ofishin ilimi na jihar Damagaram zai iya wallafa jerin makarantun kuɗi masu izini kafin kowace komawa makaranta, a manna a ofis, a karanta a rediyo, a sa a intanet. Ofishin ANPE zai iya samar da samfurin kwantaragi na malami baƙo da Faransanci da Hausa da Ingilishi, tunda yanzu duka ukun suna da matsayi a kundin ƙasa. Ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano zai iya zama wurin da mai shirin tafiya zai tambayi takardun da ake buƙata kafin ya hau mota. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ita ce ta fi dacewa ta duba batun amincewa da takardun shaidar koyarwa na juna. Su ma makarantun suna da haƙƙin su tabbatar da wanda suke ɗauka: ba duk mai jin Ingilishi ne malami ba, kuma neman shaidar rajista da hukumar malamai ta Najeriya, TRCN, zai tsare su daga masu takardun bogi.

Wanda ya fi kowa asara

Idan malami da mai makaranta suka ɓata, ba a cika tuna ɗalibi ba. Yaron da ya taso a Hamdara, ƙaramar hukumar karkara da ke gabashin Damagaram cikin gundumar Mirya, takardar Ingilishi ɗaya zai rubuta a BEPC da ɗan babban ma'aikaci a Yamai. Idan mahaifinsa ya sayar da gero da wake ya tura shi makarantar kuɗi a birni, ya ajiye shi gidan wani ɗan'uwa, ya yi haka ne don yaron ya samu abin da ƙauye ba ya bayarwa, kuma malamin Ingilishi na cikin abubuwan da aka yi masa talla da su. Ranar da wannan malami ya gaji da jiran albashi ya ɗauki jakarsa a watan Fabrairu, ajin zai zauna ba kowa ko a cike gurbin da wanda bai san darasin ba, jarrabawa kuma ba za ta jira ba. Kuɗin geron ya tafi, shekarar ma ta tafi.

Saboda haka iyaye ma suna da ta cewa. Uban da ke tambayar yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa bara yana iya ƙarawa da tambayar shekara nawa mushen Ingilishi ya yi a makarantar, kuma ko yana da kwantaragi. Ƙungiyoyin iyayen yara suna iya sa wannan cikin abin da suke bibiya. Makarantar da ta san iyaye na tambaya za ta gane cewa riƙe malami da kyau yana cikin abin da ke kawo mata ɗalibai.

Buƙatar Ingilishi a Nijar ba za ta ragu ba. Matatar man SORAZ da ke arewacin Damagaram tana aiki tun 2011 da abokan hulɗa 'yan China, jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013 da Ingilishi take koyarwa, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ɗaliban Nijar na ci gaba da neman gurbin karatu a Najeriya da Ghana da sauran ƙasashe masu amfani da harshen. Malamai za su ci gaba da ƙetarawa, kuma hakan alheri ne ga ɓangarorin biyu muddin an yi shi bisa tsari. Mai makarantar da ke da niyyar biya ba ya asarar komai idan ya sa hannu a takarda ya kai ta ANPE. Wanda ya ƙi, gara malami ya gane haka tun yana Kano, kafin ya biya kuɗin mota.